Tashin Zuciya da Amai

Tashin zuciya shi ne jin cewa amai na tafe, amai kuwa shi ne fitar abin da ke cikin tumbi ta baki da ƙarfi. Dukansu alamu ne, ba cuta ba ce mai zaman kanta. Wani sashe na can ƙasan ƙwaƙwalwa ne ke ba da umarnin yin amai, bayan ya karɓi saƙo daga tumbi da hanji, ko daga guba da ke yawo a jini, ko daga cikin kunne inda ake daidaita tsayuwar jiki. Shi ya sa jijjigar mota ma take sa wasu haraswa.

A ƙauyukan Kano da Jigawa, zazzaɓin cizon sauro na kan gaba wajen sa yara amai, musamman da damina. Sai gurɓataccen ruwa da abincin da ya kwana ya lalace. Gubar wasu ƙwayoyin cuta kan tayar da amai cikin awa 1 zuwa 6 bayan ci. Inda ambaliya ta shiga rijiyoyi, kamar yadda kan faru a yankin Haɗeja, amai da gudawa mai kama da ruwan shinkafa na nuna kwalara, wadda kan iya ƙarar da ruwan jikin babban mutum cikin yini guda. Akwai kuma taifot, ciwon hanta, gyambon ciki, ciwon ƙoda, ciwon suga da ya tsananta, da shaƙar maganin feshi a gona. Laulayin ciki kan fara wajen mako na 6, yawanci ya lafa kafin mako na 20.

Rabin binciken tambaya ce. Malamin asibiti zai so sanin yaushe aman ya fara, me aka ci, wa kuma ya kamu a gidan, wane magani ko jiƙo aka sha, mace kuma yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe. Launin aman na da muhimmanci ƙwarai. Kore, tare da kumburin ciki da rashin fitar bayan gida ko tusa, na nuna toshewar hanji, kuma wannan aikin tiyata ne. Jini, ja ko baƙi-baƙi, daga tumbi ko maƙogwaro yake. Amai da zazzaɓi da sandarewar wuya a lokacin zafi sai a yi zargin sanƙarau.

Daga nan a duba ruwan jiki: faɗawar ido, bushewar baki, ƙarancin fitsari, lotsawar maɗiga ga jariri, da fatar ciki da ba ta komawa da sauri idan an mintsina. A auna zafin jiki da hawan jini, a latsa ciki. Gwajin maleriya na ɗigon jini kan ba da sakamako cikin kamar minti 20, sai gwajin fitsari da na suga.

Abin damuwa shi ne yadda ake rugawa kemis a yi allurar tsayar da amai ba a san musabbabinsa ba, cutar na ci a ɓoye. Ruwan gishiri da sukari, ƙunshi ɗaya a lita 1 ta tsaftataccen ruwa, ana ba da shi kaɗan-kaɗan da cokali. Idan an amayar, a jira minti 10 a ci gaba. Amma yaron da ke amayar da komai, ko ya kasa kama nono, ko yake jijjiga ko ya galabaita, a wuce da shi babban asibiti nan take, ko da cikin dare ne.