Tambarin Sarki a Gindin Tangaran Ba Shaidar Shekarunsa Ba Ne

An daɗe ana cewa idan ka kifa kwanon tangaran na ƙasar Sin ka ga sunan sarki a gindinsa, to a zamanin sarkin aka yi shi. Ba laifin mai faɗa ba ne, rubutun kansa haka yake cewa. Galibi haruffa 6 ne, ana karantawa daga sama zuwa ƙasa, daga dama zuwa hagu: sunan daula, sunan zamanin sarki, sai "aka yi".

Sai dai maginan garin Jingdezhen, cibiyar yin tangaran a ƙasar Sin, sun saba sa tambarin magabata don girmamawa. A zamanin Sarki Kangxi, 1662 zuwa 1722, an yi kwanoni da yawa masu tambarin Chenghua, sarkin daular Ming wanda ya yi mulki daga 1465 zuwa 1487. Tsofaffi ne na gaske, amma tazarar ta kai shekara 200. Na jabu kuwa har yau ana yi.

Don gane shekarun kwanon, dubi zoben gindin da ba a shafa wa ruwan ƙyalli ba, nan ainihin yumɓun yake bayyana. Shuɗin zanen kwanonin farkon daular Ming yakan yi ɗige-ɗige masu duhu inda launin ya taru. In ka ga "CHINA" da boko, kusan ko yaushe bayan 1891 ne, lokacin da Amurka ta wajabta rubuta ƙasar da kaya suka fito. A ganina, kwatanta kwanon da hotunan gidajen tarihi ya fi amfani a kan dogaro da tambari nesa ba kusa ba.

Don Allah a tura wa masu sha'awar kayan da.