Takardar jauro ba ta mallaka maka fili a Kamaru

Wani ƙanen mahaifina ya sayi fili a bayan garin Garwa, ya biya kuɗi lakadan a gaban jauro, wato mai unguwa, da shaidu huɗu, aka rubuta takarda aka buga hatimi, aka shafa fatiha. Ya zuba shaguna uku ya sa 'yan haya. Wata safiya sai ga wani da ma'aunin ƙasa, yana riƙe da takardar mallaka ta gwamnati, wadda muke kira titir fonsiye. Na ga Baffa ya ciro tasa takardar daga cikin leda yana warware ta, hannunsa na rawa, yana cewa, "Ɗana, duba min, ba ga hatimi ba?" Hatimi kam akwai, amma doka ba ta san shi ba.

Tushen maganar ita ce dokar filaye mai lamba 74-1 ta ranar 6 ga Yuli 1974. A sashe na 8 ta ce duk cinikin fili ko gida sai an ƙulla shi a gaban notar, wato masanin shari'a da gwamnati ta naɗa don rubuta takardun ciniki a hukumance, in ba haka ba cinikin ya ɓaci. Ta ƙara da cewa sayar da filin da ba shi da rajista da sunan mai sayarwa, ko ba da shi haya, tamkar ba a yi ba ne. Mai sayarwar kuma yana iya fuskantar tarar sefa 25,000 zuwa 100,000, ko ɗaurin kwana 15 zuwa shekara 3, ko duka biyun. Masu ba da haya su lura, kalmar haya tana ciki ƙarara.

To ina matsayin sarakunan gargajiya, wato lamiɗo da lawan da jauro? Suna da shi, kuma ba ƙarami ba. Filin da ba shi da titir yana cikin filayen ƙasa da gwamnati ke kula da su. Wanda iyalinsa suka zauna ko suka noma wurin tun kafin 5 ga Agusta 1974 yana iya neman rajista kai tsaye, bisa dokar 27 ga Afrilu 1976 da aka gyara a Disamba 2005. Kwamitin da ke fitowa duba wurin, sufurefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gundumar, shi ne shugabansa, kuma sarkin yankin da dattawansa biyu suna ciki. Su ne ke shaida cewa gonar gidan wane ce. Shaidarsu tana buɗe maka hanyar samun titir, amma ba ta tsaya a madadinsa. Wanda ya shiga fili bayan 5 ga Agusta 1974 kuwa, sai ya nemi gwamnati ta ba shi na wucin gadi, ya raya shi, sannan a tabbatar masa.

Na san abin da ake cewa: notar tsada, ofis jeka-ka-dawo. Gaskiya ne, akwai wahala. Amma titir idan ya fita bisa ƙa'ida, doka ta ɗauke shi a matsayin hujja ta ƙarshe, banki ma shi yake karɓa jingina. Kafin ka miƙa ko sisi, karɓi lambar titir, ka je ofishin rajistar filaye na yankin ka nemi takardar da ke nuna sunan mai shi a yau da ko akwai bashi a kansa. In yanki za a gutsuro maka daga babban fili, a auna, a kafa duwatsun iyaka, a fitar maka da titir naka.

'Yan'uwanmu 'yan kasuwa daga Najeriya ko Chadi masu son gida a Marwa ko Ngaundere suna da ƙarin sharaɗi a sashe na 10 na dokar 1974: takardar cinikinsu sai ministan filaye ya sa mata hannu, kuma baƙo ba ya sayen fili a yankin kan iyaka.