Zuba baƙin mai a dam laifi ne, ko da jirgin shaƙatawa ne

Duk lokacin Sallah matasa kan cika bakin madatsun ruwanmu, ana biyan kuɗi a shiga kwale-kwale a zaga a ɗauki hoto. Babu laifi a nan. Matsalar ita ce abin da ake bari a cikin ruwan: ledoji, robobin lemo, da baƙin man da mai jirgi ke tsiyayewa daga inji a gaɓa. Ruwan dam ɗin Ajiwa shi ne ke zuwa famfunan birnin Katsina, na Sabke kuma Daura yake shayarwa.

Dokar da ta kafa hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, a 2007 ta yi magana kan wannan a sashe na 27. Sashen ya haramta zubar da duk wani abu mai haɗari a cikin ruwa, ƙasa ko iska, ko a gaɓar ruwa, matuƙar yawansa ya kai na cutarwa. Hukuncin da aka rubuta a dokar ta 2007 shi ne tarar da za ta iya kaiwa naira miliyan 1, ko ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 5.

A kula da batun yawan da zai cutar, domin nan ne mutane ke samun hujja. Mai jirgi zai ce ai gwangwani ɗaya ne, me zai yi wa dam guda? Amma mai ba ya narkewa a ruwa. Shimfiɗuwa yake yi a sama, ya tare iskar da kifi ke buƙata, ya manne a ciyawar gaɓa inda ƙananan kifaye ke fakewa. Dam kuma ba kogi ba ne da zai kwashe ƙazanta ya yi gaba, musamman da rani in ruwa ya ja baya. Ni a ganina mai jirgin da ke cin abinci daga ruwan nan shi ya fi kowa haƙƙin kiyaye shi. Ya canza mai a tudu nesa da gaɓa, ya tara tsohon a jarka, ya ajiye buhun shara a cikin jirgi saboda fasinjoji.

Masu haɗa yawon da kamun kifi kuwa, akwai dokar kamun kifi a ruwan cikin ƙasa ta 1992. Ta hana kama kifi da guba, da abin fashewa, da wutar lantarki. Masu watsa maganin ƙwari irin su gamalin don kifi ya taso sama, wannan dokar da su take, ko da kifin na miyar gida ne.

Wanda ya ga ana irin wannan ɓarna, ya fara sanar da sarkin ruwa ko mai unguwa. A Zobe da Jibiya kuma akwai ma'aikatan hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, wadda ke kula da madatsun biyu.