Ba yawan ƙuri'un jama'a ke naɗa shugaban Amurka ba

Finafinan Amurka da muka taso muna kallo sun sa na daɗe ina zaton wanda ya fi yawan ƙuri'un jama'a shi ke shiga fadar White House, kuma har yau mutane da dama haka suka ɗauka. A 2000, muna zagaye da rediyo a teburin mai shayi, labari ya ɗaure mini kai: Al Gore ya fi George Bush ƙuri'u sama da 500,000, amma Bush ya yi nasara. Wakilan zaɓe 538 ne ke zaɓen shugaban, ana kuma buƙatar 270, kuma tazarar ƙuri'u 537 kacal a Florida ta ba Bush wakilan jihar 25 gaba ɗaya.