Gidan tarihin pinball: ga amsoshinku, don Allah a bar ni in huta

Tambayoyin nan dai su ne kullum, daga 'yan Ƙofar Ƙaura har 'yan uwanmu na Daura, to ga su nan gaba ɗaya.

Wai mi ne pinball ɗin ma?

Akwati ne mai ƙafa huɗu da gilashi a sama, ka harba ƙwallon ƙarfe ciki, kana danna maɓallan gefe biyu kana tare ta kar ta faɗa rami. Shi kenan.

A wane gari gidan tarihin yake?

Ba ɗaya ba ne. Akwai Pinball Hall of Fame a Las Vegas, akwai na Alameda a Kalifoniya, a Turai kuma akwai Budapest da Rotterdam.

Za ka iya samo mani biza?

A'a.

Malam, wannan ba caca ba ce kuwa?

To nan ne sai an natsu. Shakkar tana da tushe, don su kansu Amurkawa sun yi ta, a 1942 magajin garin New York, LaGuardia, ya haramta injinan har aka riƙa farfasa su, saboda lokacin babu ƙananan sandunan da maɓallan ke motsawa su tare ƙwallon, ka harba ne kawai ka zuba ido, sa'a ce zalla kuma wasu wuraren har kuɗi suke biyan wanda ya ci. Sai 1947 kamfanin Gottlieb ya sa sandunan, amma duk da haka ba a ɗage dokar ba sai 1976, bayan da wani gwanin wasan, Roger Sharpe, ya buga a gaban majalisar birnin ya nuna masu iyawa ce. Yau a gidajen nan ba ka cin ko sisi, maki ne kawai, in ka yi ƙoƙari injin ya ƙara maka wasa ɗaya kyauta. Wannan ƙarin ne wani zai iya yi wa tambaya, tunda ka sa kuɗi kana fatan samun wani abu. Ni a ganina inda ake biya a ƙofa sau ɗaya ka yi ta bugawa, kamar Budapest da Alameda, ya fi kwanciyar hankali. Amma ni ba malami ba ne, fatawa a je wajen masu ita. Kuma Las Vegas garin 'yan caca ne, shi gidan babu ita, sai dai hanyar da za ka bi cike take da su, kowa ya san ƙarfin zuciyarsa.

Nawa ake biya?

Na Las Vegas shiga kyauta ne, kowane wasa ne kake zuba sulalla 'yan santi 25. Sauran ka duba shafinsu kafin ka fita, har da ranakun da suke buɗewa.

Injin ya rubuta TILT ya ƙi motsi, na ɓata shi?

Ba ka ɓata ba, kwantar da hankalinka, girgiza shi ka yi da yawa ya hukunta ka, ƙwallon nan ta tafi. Amma haba ɗan uwa, wasu injinan sun girmi baban ka, ba kokawa ka zo ba.

In je da yara?

Je da su, za su fi ka iyawa. Ka dai riga su leƙawa, wasu tsoffin injinan zanen matan da ke jikinsu ba suturar kirki, sai ka ja su wani layin.