Harnakhash

Harnakhash shi ne sunan da littafin Guru Granth Sahib na mabiya addinin Sikh ke kiran Hiranyakashipu da shi, wato sarkin aljanun asura a tatsuniyoyin Hindu. Cikakken labarinsa yana cikin kashi na bakwai na Bhagavata Purana, ɗaya daga cikin littattafan addinin Hindu. Ɗan Kashyapa ne da Diti, kuma yana da ɗan'uwa mai suna Hiranyaksha wanda Vishnu, ɗaya daga cikin manyan allolin Hindu, ya kashe a siffar gursunu. Masu karatu da yawa kan haɗa su biyun saboda kamannin suna, amma wanda Guru Granth Sahib ke nufi shi ne mahaifin Prahlad.

Bayan doguwar bauta, Brahma, allan halitta na Hindu, ya ba Harnakhash kariya mai sharuɗɗa: ba mutum ko dabba da zai kashe shi, ba da rana ba ba da dare ba, ba a cikin gida ba ba a waje ba, ba a ƙasa ba ba a sama ba, kuma ba da makami ba. Da ya ga haka sai ya hana a bauta wa kowa sai shi. Ɗansa Prahlad ya ƙi. An kai yaron wajen malamai biyu, Sanda da Marka, suka kasa juya shi. Aka gwada guba, da wuta, da jefa shi daga tsauni. Ƙarshe Narsingh, wato Vishnu a siffar rabi mutum rabi zaki, ya fito daga cikin ginshiƙi da almuru, ya ɗora sarkin a cinyarsa a bakin ƙofa, ya farke shi da farata. Kowane sharaɗi an kiyaye shi, kariyar kuma ba ta yi amfani ba.

Guru Granth Sahib, wanda Guru Arjan, ɗaya daga cikin Gurus (jagororin addinin Sikh), ya fara tattarawa a 1604, ya ambaci Harnakhash a wurare da dama cikin shafukansa 1430. Guru Nanak ya jera shi a shafi na 224 tare da wasu da girman kai ya halaka. Guru Ram Das ya kawo shi a shafi na 451, Guru Amar Das a na 1133, inda Prahlad ke roƙon a rubuta masa sunan Ubangiji a allonsa. Namdev ya bayyana yadda malaman suka kai ƙarar yaron a shafi na 1165, Kabir kuma a na 1194; su biyun waliyyai ne mawaƙa da baitocinsu ke cikin littafin.

A nan ake yawan kuskure. Ambaton Narsingh ba ya nufin Sikhawa sun yarda Ubangiji na saukowa cikin jiki, domin Mul Mantar, ayar da ta buɗe littafin, ta siffanta shi da wanda ba a haifa ba. Gurus sun ɗauki labarin da jama'ar Punjab suka riga suka sani don su nuna illar haumai, wato ganin kai, da kuma yadda Ubangiji ke kare mutuncin mai bauta masa a kowane zamani.

A garin Multan na Pakistan akwai kangon haikalin Prahladpuri, inda al'ada ke cewa lamarin ya faru. An rushe shi a 1992.