Tsohon ɗan wasa a kujerar babban koci: tambayoyi da amsoshi kan wata al'ada ta gasar NBA

A watan Yunin 2024 ƙungiyar Los Angeles Lakers ta damƙa ragamar horar da 'yan wasanta ga JJ Redick, wanda ya yi kaka 15 yana taka leda a gasar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA, amma bai taɓa horar da manya ba, in ban da ƙungiyar yara 'yan firamare. Naɗin ya farfaɗo da tsohuwar muhawara tsakanin masoya wasan.

Shin wannan sabon abu ne?

Ko kaɗan. Bill Russell yana cikin buga wasa aka naɗa shi kocin Boston Celtics a 1966, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami a NBA, kuma ya ci kofi a 1968 da 1969. Larry Bird ya karɓi Indiana Pacers a 1997 ba tare da ya taɓa zama ko mataimaki ba, aka zaɓe shi gwarzon koci a kakarsa ta farko, ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe a 2000. Magic Johnson kuwa wasa 16 kawai ya jagoranci Lakers a 1994, ya ci 5, aka doke shi a 11, ya ajiye aikin.

Me ke sa ƙungiya ta yi irin wannan kasada?

Kunnen 'yan wasa take saye. A NBA tauraro ɗaya kan karɓi albashin da ya ninka na kocinsa sau da dama, kuma idan suka ɓata, kocin ake sallama. Don haka masu ƙungiya kan nemi wanda taurarin za su saurara, wanda ya san gajiyar wasa 82 a kaka guda, ya san abin da ke ran ɗan wasan da aka ajiye a benci. Dalili ne mai ƙarfi, ban raina shi ba. Sai dai wannan girmamawar ta kwana kaɗan ce. Da zarar an sha kashi sau biyar a jere, babu mai tuna kofunan da kocin ya ci yana saurayi, kowa so yake ya ji me za a gyara gobe.

To ai Steve Kerr ya nuna abin yana yiwuwa, ko?

Ya nuna, amma a duba yadda aka yi. Golden State Warriors ta ɗauke shi a 2014, ya ci wasa 67 da kofi a kakarsa ta farko, ya ƙara wasu kofunan a 2017, 2018 da 2022. Abin da ake yawan mantawa shi ne Kerr bai taso daga fili kai tsaye ba. Ya yi wasa a hannun manyan masu horarwa Phil Jackson da Gregg Popovich, ya riƙe muƙamin babban manajan Phoenix Suns daga 2007 zuwa 2010, ya kuma daɗe yana sharhin wasanni a talabijin yana tara dabarun da ya gani wurin wasu. Sannan ƙungiyar da ya gada ba matacciya ba ce: ta ci wasa 51 a kakar da ta gabata a hannun Mark Jackson, ga Stephen Curry da Klay Thompson suna kan ganiyarsu.

Babban abin da ya yi, a ganina, shi ne sanin iyakarsa. Ya ɗauko Alvin Gentry ya taya shi tsara kai hari, ya ɗauko dattijo Ron Adams ya riƙe masa tsaron gida. Bird ma haka ya yi da Rick Carlisle da Dick Harter. Shi kuma Kerr ya riƙe abin da ya fi iyawa, wato lallashi da shawo kan mutane. Ya roƙi Andre Iguodala, wanda tun shigarsa gasar bai taɓa fara wasa daga benci ba, da ya haƙura ya koma benci don amfanin ƙungiya. Iguodala ya yarda, kuma shi aka zaɓa gwarzon wasannin ƙarshe na 2015. Irin wannan magana ta fi shiga idan ta fito daga bakin wanda shi ma ya yi rayuwarsa a benci.

Waɗanda suka faɗi fa, me ya kayar da su?

Dalilan sun sha bamban. Derek Fisher ya ajiye wasa a 2014 ya karɓi New York Knicks, ƙungiyar da ba ta da ƙarfi. A kakarsa ta farko ya ci wasa 17 aka doke shi a 65, aka sallame shi a Fabrairun 2016. Steve Nash, gwarzon ɗan wasan gasar har sau biyu, ya samu akasin haka a Brooklyn Nets a 2020: manyan taurari Kevin Durant da Kyrie Irving, daga baya ga James Harden. Raunuka da rigingimun taurari suka dabaibaye shi, Celtics ta share su wasa huɗu ba ko ɗaya a wasannin neman kofi na 2022, shi da Nets suka raba gari a watan Nuwamban shekarar.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da sai wanda ya daɗe a benci ke ƙwarewa a kai: yaushe za a nemi hutun tsayar da wasa, wa za a canja, wace dabara za a zana a allo idan saura daƙiƙa kaɗan. Jason Kidd, wanda Nets ta naɗa kwanaki kaɗan bayan ya yi ritaya a 2013, ya taɓa tsintar kansa a ƙarshen wasa da Lakers hutunsa duk sun ƙare. Sai ya sa ɗan wasansa ya bangaje shi, abin shan da ke hannun Kidd ya zube a fili, aka tsaya gogewa, mataimakinsa ya samu damar zana dabara. Hukumar gasar ta ci shi tarar dala 50,000. Kidd ɗin nan daga baya, bayan Milwaukee Bucks ta sallame shi, ya sauko ya zama mataimaki a Lakers, sannan ya kai Dallas Mavericks wasan ƙarshe a 2024. Karatun da ya tsallake ne ya dawo ya yi.

Yaya Redick ya kasance a kakarsa ta farko?

Ya kewaye kansa da tsofaffin hannu, Nate McMillan da Scott Brooks, ya ci wasa 50. Amma Minnesota Timberwolves ta fitar da su a zagayen farko na wasannin neman kofi, kuma a wasa na huɗu ya bar mutum biyar suka buga rabin wasa na biyu gaba ɗaya ba canji, aka kuma doke su. An yi masa ca a kan haka.

Shin an yi wa mataimakan da suka daɗe suna jira adalci?

Nan ne abin ya fi taɓa ni. Patrick Ewing, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan Knicks a tarihi, ya shafe shekaru kusan 15 yana mataimakin koci ba a taɓa ba shi babbar kujerar a NBA ba, har ya koma tsohuwar jami'arsa ta Georgetown a 2017. Shi ya sa da aka naɗa Nash wasu masu sharhi suka kawo batun launin fata, wasu kuma suka tunatar da cewa Kidd da Fisher da Mark Jackson baƙaƙe ne kuma sun samu irin damar. Ime Udoka, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, shi kuma ya buga wa D'Tigers, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Najeriya, yana cikin mataimakan Nash a lokacin, alhali ya yi shekara bakwai a gefen Popovich. Da Celtics ta ba shi dama a 2021, a kakarsa ta farko ya fitar da Nets ɗin ta Nash, ya wuce har wasan ƙarshe.

Ni dai ban ga laifi a naɗa tsohon ɗan wasa ba, muddin ƙungiya ta tanadar masa ƙwararrun mataimaka, ta kuma zauna da irin su Ewing da Udoka ta ji ta bakinsu kafin ta yanke shawara.